Shin Dafa Kifi Yana Fitar da Gubar Ƙarafan da Ya Kwaso Daga Gurɓataccen Kogi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidanmu yana kusa da wani kogi, kuma yawancin kifin da muke ci daga cikinsa ake kamo shi. Can sama da mu akwai masu haƙar zinariya, akwai kuma masana'antun da ke zubar da ruwansu a cikin kogin. Na ji ana cewa ƙarafa masu guba suna taruwa a jikin kifi, amma ruwan namu garau yake, kifin ma lafiyarsa ƙalau, ba ya wari, ɗanɗanonsa bai canza ba. Ina da juna biyu, ga kuma yara ƙanana. Idan na wanke kifin sosai na dafa shi ya dahu, gubar za ta fita? Ko kuwa mu daina cinsa gaba ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sauke ki lafiya, ya raya mana yaran. Wanki da dafuwa ba sa fitar da ƙarfen da ya riga ya shiga tsokar kifi, kuma ganin ruwa garau ko ganin kifi yana iyo da ƙarfinsa ba ya nuna komai game da abin da ke cikin jikinsa. Amma ba zan ba ki shawarar daina cin kifi ba, domin ke da abin da ke cikinki kuna buƙatarsa. Abin da zai kare ku shi ne sanin wane kifi za a ci, wane sashe nasa za a zubar, da kuma yawan da za a ci a mako.

Ƙarafan da suka fi damun masu binciken ruwa su ne zaiba, wadda masu aikin zinariya suka fi sani da makuri, da dalma, da kadmiyom, da kuromiyom, sai asanik wanda ake lissafa shi tare da su ko da yake ba cikakken ƙarfe ba ne. Akwai ƙarafan da jiki yake buƙata kaɗan, irin su zink da jan ƙarfe, waɗanda sai sun yi yawa suke cutarwa, amma makuri da dalma da kadmiyom ba su da wani aiki a jikin mutum ko na kifi. Bambancinsu da sauran ƙazantar ruwa shi ne ba sa ruɓewa. Najasa da ragowar abinci da ke shiga kogi, ƙwayoyin halitta suna cinye su a hankali har ruwan ya warke, shi kuwa ƙarfe sai dai ya sauya siffa ko ya sauya wurin zama. Yana shiga kogi daga wuraren haƙar ma'adinai da narka su, da masana'antun jima da rini da fenti, da wuraren fasa tsofaffin batura, da juji da ruwan sama ke wankowa, da takin zamani mai ɗauke da kadmiyom. Makuri har ta sama yake zuwa, domin ƙona gawayin kwal yana sakinsa cikin iska, iska ta kai shi nesa, ruwan sama ya sauko da shi a kogin da babu masana'anta ko ɗaya a kusa da shi.

Dalilin da ya sa ruwanku yake garau shi ne yawancin waɗannan ƙarafa ba sa daɗewa a narke. Suna manne wa ƙananan ƙwayoyin yumɓu da ruɓaɓɓen ganye, su nutse tare da su zuwa ƙasan kogi, musamman inda ruwa ya lafa, wato a kwana, da bayan madatsar ruwa, da fadamun da ambaliya ke cikawa. Lakar nan ita ce ma'ajiyarsu. Shi ya sa za a iya ɗibar ruwan saman kogi a kwalba a kai ɗakin gwaji, sakamako ya fito da kyau, alhali lakar da ke ƙasa cike take da ƙarfe. Idan damina ta zo da ambaliya, ko aka shiga yashe kogin, ko masu ɗibar yashi suka tayar da ƙasan, abin da ya kwanta shekaru sai ya sake tasowa. Haka nan idan ruwan ya yi tsami, kamar yadda ruwan da ke fitowa daga ramukan haƙar ma'adinai yakan yi, ƙarafan suna sakin lakar su koma cikin ruwa.

Tunda kin ambaci masu haƙar zinariya, makuri ne ya fi jan hankalina a tambayarki. Mai haƙa yana niƙa dutse ya zama gari, ya zuba masa ruwa, ya ɗiga makuri a ciki yana cuɗawa da hannu a kwano. Makurin yana kama ƙurar zinariyar su dunƙule su zama wani ɗan curi mai launin toka, sai a matse shi a ƙyalle, a ɗora a wuta, makurin ya tashi ya bi iska, zinariyar ta rage. Ruwan wankin da aka zubar yana tafiya da ƙananan ɗigon makuri zuwa kogi, tururin da ya tashi kuma yana komowa ƙasa. Ƙididdigar Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2018 ta nuna cewa wannan sana'a ta ƙananan masu haƙar zinariya ita ce ta fi kowace hanya sakin makuri cikin iska, da kusan kashi 38 cikin 100 na abin da ayyukan ɗan Adam ke saki.

Makurin da ya kwanta a laka ba ya tsayawa a yadda ya zo. A can ƙasa, inda iskar oksijin ta yi ƙaranci, akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke juya shi zuwa wani sinadari da ake kira metilmakuri, kuma daga nan ne matsalar kifi ta fara. Metilmakuri yana shiga jikin abu mai rai cikin sauƙi, amma fitarsa sai a hankali ƙwarai. Gansakuka da ƙananan halittun ruwa suna tsotse shi, ƙwari da tsutsotsin ruwa su ci waɗannan, ƙananan kifaye su ci ƙwarin, babban kifi kuma ya yi ta haɗiye ƙananan kifaye tsawon rayuwarsa. A kowane mataki, mai ci yana narkar da naman abin da ya ci ya yi amfani da shi, amma makurin yana zama a jikinsa, don haka kowane mataki ya fi na ƙasa da shi yawan guba. Kafin a kai ga babban kifi mai cin 'yan'uwansa, yawan metilmakurin da ke tsokarsa yana iya ninka na ruwan da yake iyo a ciki sau miliyan ko fiye. Kifin kuma yakan ɗauki wannan nauyi ba tare da ya nuna wata alama ba, ya yi ƙiba, ya yi kyan gani, masunci ya yi murna da kama shi.

A cikin jikin kifin, metilmakuri yana ɗaure da furotin ɗin tsoka, wato ainihin farin naman da ake ci. Ya shiga naman kamar yadda rini ke shiga zare, saboda haka ba a saman fata yake ba balle ruwa ya wanke shi, ba kuma a cikin kitse yake ba balle a yanke a zubar. Zafin tukunya yana kashe ƙwayoyin cuta da tsutsotsi, kuma wannan dalili ne babba na dafa kifi ya dahu, amma bai kai ya raba makuri da tsoka ba. Suya da gashi da shanyawa ruwa kawai suke fitarwa, don haka busasshen kifi mai nauyin giram 100 ya fi ɗanyen kifi mai wannan nauyi yawan makuri, tunda naman ya tsuke, ƙarfen kuma yana nan yadda yake. Jiƙa kifi a ruwan lemun tsami ko ruwan gishiri ma ba abin dogaro ba ne.

Sauran ƙarafan halinsu daban ne, kuma a nan ne gyaran kifi yake da amfani. Dalma da kadmiyom da kuromiyom ba sa hauhawa daga mataki zuwa mataki kamar makuri. Kifi yana ɗaukarsu daga ruwan da yake shaƙa da lakar da yake tona, sai su fi taruwa a hanta, da ƙoda, da jajayen sassan gefen kai da yake numfashi da su, dalma kuma har da ƙashi. Tsokar takan ɗauki kaɗan idan aka kwatanta da waɗannan. Saboda haka cire kayan ciki gaba ɗaya, da zubar da sassan numfashi, da barin tauna ƙashin kifin da ya fito daga ruwan da ake zargi, suna rage wani kaso mai yawa na waɗannan ukun. Halittun da ke zaune a laka, irin su kawa da dodon koɗi da ƙaguwa, sun fi kifi tara kadmiyom. Asanik ɗin da ke cikin naman kifi yawancinsa wani nau'i ne da jiki ke fitarwa ta fitsari ba tare da ya yi wata ɓarna ba, haɗarinsa ya fi zuwa ta ruwan sha. Kada kuma damuwar kifi ta sa ki manta da sauran hanyoyin da kogin yake isa gidanki. Cutar itai-itai da ta addabi mazauna gaɓar kogin Jinzu a lardin Toyama na ƙasar Japan, wadda ta lalata ƙodar mutane ta kuma raunana ƙasusuwansu har suna karyewa da ɗan motsi, kadmiyom ne daga mahaƙar Kamioka ya jawo ta, kuma ta fi shiga jikinsu ta shinkafar da aka yi wa ban ruwa da kogin. Kadmiyom yana ɗaukar shekara 10 zuwa 30 kafin rabin abin da ya taru a ƙoda ya fita.

Abin da duniya ta sani game da illar metilmakuri, da rayukan mutane aka koye shi. A garin Minamata na Japan, masana'antar kamfanin Chisso ta yi ta zubar da ruwa mai metilmakuri daga 1932 har zuwa 1968. Kafin mutane su fara faɗuwa, kyanwoyin da ke cin ragowar kifi a unguwannin masunta sun fara tangaɗi, suna jujjuyawa, suna faɗawa teku. A ranar 1 ga Mayun 1956 aka kai rahoton cutar ga hukuma, amma sai a 1968 gwamnati ta amince a hukumance cewa ruwan masana'antar ne musabbabi, kuma duk tsawon waɗannan shekaru mutane suna ta cin kifin. Alamun su ne mutuwar yatsu da leɓɓa, da tsukewar gani ta yadda mutum ba ya ganin gefe, da rashin daidaito wajen tafiya, da sarƙewar harshe, da raguwar ji. Abin da ya fi taɓa ni a tarihin nan, kuma shi ne ya fi shafar ki, shi ne matan da ba su nuna wata alama mai tsanani ba amma suka haifi 'ya'ya masu mummunan lahani a ƙwaƙwalwa. Metilmakuri yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, ƙwaƙwalwar da ake kan ginawa kuwa ta fi ta babba saurin lalacewa nesa ba kusa ba. An tabbatar da mutum sama da 2,000 a matsayin masu cutar, waɗanda suka nemi diyya kuma sun ninka haka sau da yawa. A 1965 irin wannan cuta ta sake ɓulla a gaɓar kogin Agano a lardin Niigata. A Kanada kuma, wata masana'anta a garin Dryden ta zuba kimanin tan 9 na makuri a kogin Wabigoon tsakanin 1962 da 1970, aka rufe sana'ar kamun kifi a yankin a 1970, amma bayan fiye da shekara 50 al'ummar Grassy Narrows, 'yan asalin ƙasar da ke cin kifin wannan kogi, suna fama da gurɓataccen kifi da rashin lafiya.

Ban kawo waɗannan don in ce kogin ku ya kai haka ba. Gurɓacewar Minamata ta wuce misali, kuma abin da aka fi gani a yawancin koguna shi ne guba kaɗan kaɗan na tsawon lokaci, wadda ba ta kwantar da kowa, sai dai ta rage wa yaro kaifin fahimta, da saurin magana, da iya riƙe karatu, a hanyar da iyaye ba za su taɓa dangantawa da kifi ba.

Akwai ma'auni da zai taimaka miki ki ga girman abin. Kwamitin ƙwararru na haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ya tsayar a 2003 cewa abin da jiki zai iya jurewa na metilmakuri a mako shi ne maikrogiram 1.6 (maikrogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram) ga kowane kilo na nauyin mutum, kuma don kare ɗan tayi aka tsayar da shi haka. Mace mai nauyin kilo 60 ke nan tana da maikrogiram 96 a mako. Ƙasashe da yawa sun sa iyakar makuri a yawancin kifin da ake sayarwa a kan miligiram 0.5, wato maikrogiram 500, a kowane kilo. Idan kifi yana daidai kan wannan iyaka, giram 200 nasa kaɗai yana ɗauke da maikrogiram 100, wato cin sau ɗaya ya cinye kason mako gaba ɗaya. Idan kuwa kifin yana da miligiram 0.05 a kilo, sai ta ci kusan kilo 2 kafin ta kai wurin. Yaro mai kilo 15 kasonsa maikrogiram 24 ne kacal. Wannan lissafi yana nuna cewa irin kifin da aka zaɓa ya fi komai tasiri, domin a kogi ɗaya ana iya samun kifin da ya ninka wani sau 10.

Don haka ga abin da nake ba ki shawara a kai. Ki fi karkata ga ƙananan kifaye masu cin ciyawa da gansakuka, irin su ƙarfasa, ki kuma nisanci manyan masu farautar kifi irin su giwan ruwa da tsage muddin kina da ciki ko kina shayarwa, haka ma yaran. Ko a cikin jinsi ɗaya, ƙarami ya fi babba aminci, domin tsohon kifi ya fi daɗewa yana tarawa. Tarwaɗa tana tsakiya: tana cin duk abin da ta samu, tana kuma kwana a laka, saboda haka matsakaiciya za a zaɓa, a bar ƙatuwar, a cire kayan cikinta tas. Kada kifinku ya zama daga wuri ɗaya kullum. Wanda aka kamo sama da inda ake zubar da ruwan ya fi wanda aka kamo ƙasa da shi aminci, ko da yake kifi yana yawo, don haka wannan ragi ne kawai. Kifin kiwo yakan zo da ƙarancin makuri saboda ba ya daɗewa kafin a kwashe shi, amma da sharaɗin ba da ruwan wannan kogin ake cika tafkin ba. Idan kina sayen kifin teku, ƙanana irin su sadin suna cikin masu ƙarancin makuri, manya irin su kifin shak kuma suna cikin waɗanda ake hana masu ciki. Hukumomin abinci da muhalli na Amurka suna ba mai ciki shawarar cin kifi mai ƙarancin makuri sau 2 zuwa 3 a mako, kimanin giram 225 zuwa 340 a jimlace, kuma wannan ma'auni ne mai kyau da za ki iya bi.

Ina jaddada kada ki daina gaba ɗaya ne saboda na san abin da tsoro yake jawowa. Kifi yana ba da furotin, da man da ƙwaƙwalwa da idon ɗan tayi ke ginuwa da shi, da wasu sinadaran da ba kowane gida ke da wata hanyar samunsu ba. Uwar da ta bar kifi ba ta maye gurbinsa da komai ba ta kauce wa haɗarin da ba a auna ba, ta faɗa cikin rashin da aka tabbatar da illarsa. Haka kuma kada wannan magana ta hana ki shayarwa, domin amfanin nonon uwa ya rinjayi ɗan abin da ke bi ta cikinsa. Akwai kuma abin kwantar da hankali: jikin mutum yana fitar da rabin metilmakurin da ke jininsa cikin kimanin kwana 50, don haka canjin da kika yi yau zai fara nunawa tun kafin ki haihu.

Idan kika je awon ciki, ki gaya wa likita ko ungozoma inda kifinku yake fitowa da abin da ake yi a saman kogin. Ana auna makuri a gashin kai, kuma tunda gashi yana tsiro kimanin santimita 1 a wata, ɗan tsinken da aka yanka daga tushe yana ba da labarin watannin baya. Dalma a jini ake auna ta, kadmiyom kuma a fitsari. Yaran sun cancanci gwajin dalma, musamman idan wani a gidan yana aiki a wurin niƙa dutse yana dawowa da ƙura a tufafinsa, domin ƙurar ta fi kifi saurin kai musu dalma. Ki guji duk wani jiƙo ko magani da aka ce yana wanke ƙarfe daga jini. Magungunan da ke janyo ƙarfe daga jiki na asibiti ne, ana ba da su ne bayan gwaji ya nuna guba mai yawa, kuma suna da nasu haɗarin.

Abin da ba za ki iya yi ke kaɗai ba shi ne sanin ainihin halin kogin, kuma a nan ne ya kamata masunta da shugabannin unguwa su haɗa kai su nemi hukumar muhalli ko sashen kimiyya na wata jami'a su zo su yi gwaji. Idan sun zo, a nace kada su tsaya a kan ruwa kawai. A ɗebi laka, a ɗebi tsokar kifi jinsi daban daban, manya da ƙanana, daga sama da kuma ƙasa da inda ake zubar da ruwan, a yi da rani a kuma maimaita da damina, sannan a ba jama'a sakamakon a rubuce da sunan kowane kifi da girmansa. Da wannan takarda za ku san wanda za ku ci da wanda za ku bari, da ita kuma za ku tunkari masu zubar da ruwan. Yarjejeniyar Minamata kan makuri, wadda aka amince da ita a 2013 ta kuma fara aiki a watan Agustan 2017, ta wajabta wa ƙasashen da suka shiga cikinta, waɗanda ke da haƙar zinariya irin wannan mai yawa, su tsara yadda za a rage amfani da makuri a cikinta. Akwai 'yar na'ura mai sauƙi da ake ƙona curin zinariya a cikinta a rufe, wadda ke kama tururin makurin ya koma ruwa a sake amfani da shi, kuma masu haƙar da ke sama da ku su ne na farko da za su amfana da ita, tunda su ne suke shaƙar tururin kai tsaye.